"Inflammable" ba kishiyar "flammable" ba ce

Yawancinmu mun taso da ƙa'idar da aka koya mana a aji: a Turanci, in ka liƙa "in-" a gaban kalma, ka samu kishiyarta. Correct ta koma incorrect, visible ta koma invisible. Daga nan sai mutum ya ga an rubuta "Highly Inflammable" da jan fenti a bayan tankar mai, ya ɗauka abin da ke ciki ba ya kama wuta. Wannan kuskure yana iya cin rai.

Inflammable da flammable ma'anarsu ɗaya ce: abu mai saurin kama wuta, irin su fetur da iskar gas. Asalin kalmar daga Latin ne, inflammare, wato cinna wuta. "In-" ɗin da ke cikinta ba na korewa ba ne, na shigarwa ne, kamar wanda ke cikin inflame. Latin na da "in-" iri biyu, Turanci kuwa ya gaje su duka, nan ne ruɗanin ya samo tushe.

Su kansu Turawan sun sha ruɗewa. Tun shekarun 1920 masu aikin kariya daga gobara a Amurka suka dage a riƙa rubuta flammable a jikin kaya masu haɗari. Kishiyarta ta gaskiya ita ce non-flammable, kuma ita ya kamata malamai su riƙa nanata wa ɗalibai.

Haka invaluable take, ba kishiyar valuable ba ce, sai dai ita ba ta da haɗari. Ana nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Abin da ba shi da daraja kuwa worthless ake ce masa.