Me ya sa fasahar halittun dauri take saɓa wa kanta a wasannin bidiyo?

A shagunan wasan bidiyo na Nima da Mamobi, a nan Accra, idan an ajiye na'ura ana jiran layi, gardama kan labarin wasa takan fi wasan kansa zafi. Waɗannan tambayoyi daga irin wannan zama suka fito.

Wace fasaha ake nufi?

Ana nufin kayan da wasu halittu na wasu duniyoyi suka ƙera tun fil azal, suka shuɗe suka bar su. A wasan Mass Effect na 2007 akwai manyan tashoshin da ke cilla jirage daga wannan sashe na sararin samaniya zuwa wancan cikin ƙiftawar ido. A wasan Halo na 2001 kuma akwai wasu makamai masu siffar zobba, masu girman gaske, waɗanda wasu halittun dauri da ake kira Forerunners suka harba shekara 100,000 da suka wuce.

Duk sauyin da aka samu a labari saɓani ne?

A'a. A farkon Mass Effect kowa ya ɗauka wasu halittu da ake kira Protheans, waɗanda suka ɓace shekara 50,000 da suka gabata, su ne suka gina tashoshin, sai daga baya aka gano cewa Reapers, wasu manyan injuna masu hankali da ke hallaka al'ummu, su ne suka ɗana su a matsayin tarko. Wannan sirri ne aka tona, kuma da gangan marubutan suka ɓoye shi.

To, ina saɓanin na haƙiƙa?

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Arrival, ƙarin labarin da aka fitar wa Mass Effect 2 a 2011. A can Kwamanda Shepard, jarumin da ɗan wasa ke sarrafawa, ya auna tasha guda da wani ƙaton dutsen sararin samaniya, fashewarta kuwa ta shafe rana da dukkan duniyoyin da ke zagaye da ita, aka rasa rayukan wani jinsin halittu da ake kira Batarians sama da 300,000. Da hannunsa ɗan wasa ya danna maɓallin, ya kuma ɗauki nauyin abin a zuciyarsa. Amma a ƙarshen Mass Effect 3, a watan Maris na 2012, sai ga tashoshin suna tarwatsewa ɗaya bayan ɗaya, duniyoyin kuma ko gezau. Na ga wani yaro a Nima ya tsayar da hoton, ya juyo yana tambayar yayansa: "Yaya, to su waɗancan me ya kashe su?" Tambayarsa tana kan hanya, domin kamfanin BioWare, wanda ya yi wasan, da kansa ya gyara wurin a watan Yuni na shekarar, ya nuna tashoshin sun lalace ne kawai.

Halo fa?

A wasan farko an bayyana cewa zobban ba sa kashe annobar Flood, wata halitta mai mamaye jikin wasu halittu, abincinta suke kashewa, wato duk halitta mai hankali. Bayanan da suka biyo baya sun nuna harbin yana hallaka ita Flood ɗin ma. Haka kuma Halo 3 na 2007 ya nuna alamar cewa 'yan Adam su ne Forerunners, amma Halo 4 na 2012 ya mai da su jinsi biyu da suka taɓa gwabza yaƙi.

Me ke jawo hakan?

Galibi canjin hannu ne. Kamfanin Bungie ne ya fara Halo, kamfanin 343 Industries ya gaje shi bayan 2010, kuma sababbin marubuta sun zo da nasu tunanin. Sannan tun da an ce babu mai rai da ya fahimci fasahar, marubuci yakan samu damar ɗora mata duk aikin da zai fitar da shi daga tsaka mai wuya, kamar yadda aka yi da Crucible, makamin da ba a taɓa jin sunansa ba sai a kashi na uku na Mass Effect.