Taƙaddamar Jerin Zamani a Wasannin The Legend of Zelda

Taƙaddamar jerin zamani a wasannin The Legend of Zelda muhawara ce da masoyan waɗannan wasannin bidiyo na kamfanin Nintendo na ƙasar Japan suke yi tun shekarun 1990, a kan wane wasa ne labarinsa ya riga wani faruwa, da kuma ko labaran duka suna cikin tarihi guda ne. Muhawarar tana cikin fitattun misalan abin da masu wasa suke kira retcon, wato yi wa labarin da aka riga aka bayar kwaskwarima daga baya, ta hanyar ƙara masa wani abu, ko sauya fassararsa, ko soke wani ɓangare nasa, domin ya dace da sabon labari.

Abin da ya sa wannan jerin wasanni ya fi takwarorinsa jawo irin wannan ce-ce-ku-ce shi ne yadda aka gina shi. Kusan kowane wasa yana da jarumi mai suna Link, da gimbiya mai suna Zelda, da masarautar Hyrule, da wani abu mai tsarki mai kusurwa uku da ake kira Triforce, wanda ya ƙunshi ƙarfi da hikima da jarumta. Sau da yawa kuma abokin gaba shi ne Ganon, wanda ake kira Ganondorf idan yana cikin surar mutum. Sai dai Link na wannan wasa ba lallai ne ya zama Link na wancan ba, domin ƙarnuka suna shiga tsakaninsu, taswirar ƙasar tana sauyawa, kuma abin da mai wasa ya gani da idonsa a wani wasa yakan dawo masa a wani a matsayin tatsuniyar da tsofaffi suke bayarwa.

Asalin matsalar

Wasan farko ya fito a Japan a 1986, ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka, na biyu kuma, Zelda II: The Adventure of Link, ya biyo baya a 1987 a matsayin ci gaban na farko kai tsaye, da jarumi ɗaya. A 1991 A Link to the Past ya fito, aka tallata shi a matsayin labarin magabatan jaruman wasannin biyu na farko. Ɗan littafin da ke cikin kwalin wasan ya ba da tarihin wani tsohon yaƙi, inda ɓarawo Ganondorf ya shiga Ƙasa Mai Tsarki, wurin da aka ajiye Triforce, ya mallake shi gaba ɗaya, jaruman fadar Hyrule suka kusa ƙarewa wajen tare rundunarsa, har masu hikima bakwai suka samu damar kulle shi a can.

Da Ocarina of Time ya fito a 1998 a kan na'urar Nintendo 64, jama'a sun ɗauke shi a matsayin labarin wancan yaƙi, kuma akwai dalilin ɗaukarsa haka, tunda ya nuna tasowar Ganondorf da kulle shi da masu hikima bakwai suka yi. Amma da aka zo ƙwanƙwance bayanai sai tufka ta fara warwarewa. A ƙarshen Ocarina of Time kashi ɗaya cikin uku na Triforce ne kawai a hannun Ganondorf, alhali a wasan 1991 dukansa yana hannunsa. Tsohon tarihin bai ambaci wani jarumi da ya ɗauki takobin Master Sword ya yi yaƙin ba, sabon wasan kuwa kacokan a kan wannan jarumi ya tsaya. Masu hikimar da aka zana a 1991 kamar dattawa maza, a 1998 biyar daga cikinsu mata ne, kuma daga ƙabilu daban-daban suka fito. Ƙari a kan haka, a wata hira da mujallar Nintendo Power a wancan lokaci, Miyamoto ya jera wasannin ta yadda A Link to the Past ya zo bayan wasannin biyu na farko, saɓanin abin da aka rubuta a kwalinsa. Masoya sun daɗe suna gardama a kan ko maganar mahaliccin wasa ta fi abin da ke rubuce a cikin wasan nauyi.

Reshe ɗaya ko biyu

Ƙarshen Ocarina of Time shi ne cibiyar muhawarar. A cikin wasan, Link yana yaro ya zare takobin, aka sa shi barci na shekara bakwai, ya farka yana saurayi ya tarar Ganondorf ya ci ƙasar. Bayan ya yi nasara, Zelda ta mayar da shi zamanin yarintarsa domin ya rayu shekarun da ya rasa, wasan kuma ya rufe da yaron yana sake haɗuwa da gimbiyar a farfajiyar fada. Tambayar da ta raba masoya gida biyu ita ce makomar duniyar da ya baro. Wasu suka ce komawar tasa ta shafe wancan zamani, saboda haka tarihi ɗaya ne miƙaƙƙe. Wasu suka ce duniyar da ya ceta ta ci gaba da wanzuwa babu shi, wadda ya koma kuma ta kama wata hanya dabam.

The Wind Waker, wanda ya fito a Japan a ƙarshen 2002, ya ƙarfafa ra'ayi na biyu, domin ya buɗe da labarin cewa Ganon ya kuɓuce, mutane suka yi ta jiran jarumin nan bai dawo ba, har alloli suka nutsar da Hyrule a ƙarƙashin teku. Twilight Princess na 2006 kuwa ya nuna Hyrule a kan tudu, ba ambaliya, kuma an kama Ganondorf an yanke masa hukuncin kisa tun kafin ya ci ƙasar, hukuncin da bai yiwu ba, sai aka jefa shi wata duniyar. Eiji Aonuma, wanda ya daɗe yana jagorantar jerin, ya tabbatar a hirarrakinsa cewa wasannin biyu suna tafiya ne kafaɗa da kafaɗa a rassa biyu da suka tsiro daga ƙarshen Ocarina of Time. Wannan ya kashe gardamar reshe ɗaya, amma ya bar tsofaffin wasannin, wato na 1986 da 1987 da 1991 da Link's Awakening na 1993, ba su da mazauni, domin babu reshen da suka shiga ba tare da an tilasta su ba.

Hyrule Historia da reshe na uku

A Disambar 2011, lokacin bikin cikar jerin shekara 25, aka wallafa littafin Hyrule Historia a Japan, fassararsa ta Ingilishi kuma ta fito a farkon 2013 daga kamfanin Dark Horse. A nan ne karon farko da Nintendo ta amince da jadawali a rubuce. Jadawalin ya fara da Skyward Sword na 2011, sai The Minish Cap, sai Four Swords, sai Ocarina of Time, daga nan ya rabu gida uku maimakon biyun da aka zata. Reshen yarinta ya ɗauki Majora's Mask da Twilight Princess da Four Swords Adventures. Reshen girma ya ɗauki The Wind Waker da Phantom Hourglass da Spirit Tracks. Reshe na uku kuwa shi ne wanda a cikinsa Ganon ya kayar da Link a karawar ƙarshe, ya haɗa Triforce gaba ɗaya, masu hikima suka kulle shi tare da Triforce ɗin, kuma a nan aka zuba tsofaffin wasannin.

Ta fuskar lissafi wannan mafita ta yi aiki, domin ta bayyana yadda Ganon ya mallaki Triforce duka a wasan 1991. Ta fuskar labari kuwa nan ne rauninta yake, kuma masu sukarta suna da hujja mai ƙarfi: rassa biyun farko sun samo asali ne daga wani abu da mai wasa ya gani a allo, wato komawar Link baya, na ukun kuwa ya dogara ne a kan abin da wasan bai taɓa nunawa ba. Idan mutuwar jarumi tana iya haifar da reshe, in ji su, to kowane wasa yana da irin wannan reshe, kuma babu dalilin da zai sa na Ocarina of Time kaɗai ya zama tarihi. Littafin da kansa bai yi iƙirarin cewa maganarsa ce ta ƙarshe ba. Ya nuna cewa jadawalin yana iya sauyawa idan sabon bayani ya zo, Aonuma kuma ya bayyana a cikinsa cewa salon wasa suke fara ginawa kafin labari, don haka ba a rasa wuraren da ba su dace da juna ba. Hakan kuwa ya faru, domin littafin Hyrule Encyclopedia na 2017 ya sauya wurin Link's Awakening, ya sa shi kafin wasannin Oracle biyu na 2001, bayan littafin farko ya sa shi bayansu.

Ire-iren kwaskwarimar

Ba kowace kwaskwarima ce take jawo rigima ba. Garuruwan Zelda II suna da sunaye irin su Rauru da Saria da Ruto da Darunia da Nabooru, sai Ocarina of Time ya ɗauki sunayen ya ba masu hikimarsa, abin da ya sa garuruwan suka zama kamar an raɗa musu sunayen ne don tunawa da waɗannan mutane. Irin wannan ƙari ne da bai rushe komai ba, masoya kuma suna yaba shi. Wanda ake gardama a kansa shi ne mai ture tsohon bayani. Littafin wasan 1991 ya ce mutanen Hyrule ne suka ƙera Master Sword, Skyward Sword kuwa ya nuna cewa takobin allahiya Hylia ne, wanda Link na farko ya tsarkake da wuta uku masu tsarki. Hatta koriyar hular jarumin ba ta tsira ba: The Minish Cap na 2004 ya ƙare da ba shi hula ta yadda da yawa suka fahimci cewa asalin al'adar ke nan, sai ga Skyward Sword, wanda ya riga shi a jadawali, da hular a matsayin kayan makarantar jarumai.

Masu kare jerin sukan amsa da cewa kalmar Legend da ke cikin sunansa ma tatsuniya take nufi, kuma labarin da ya bi ta bakin mutane tsawon ƙarnuka dole ya sauya kama. Wannan amsa tana da amfani wajen ƙananan bambance-bambance, amma ba ta isa ta warware saɓanin da ke tsakanin abubuwa biyu da mai wasa ya gani da kansa ba. Wasu kamfanonin sun bi hanyoyin da suka fi wannan kaifi. Koji Igarashi ya cire Castlevania Legends na 1997 daga jadawalin jerin Castlevania ɗungurungum, Chris Metzen na kamfanin Blizzard kuma ya fito fili a 2006 ya amsa cewa sabon tarihin ƙabilar draenei a World of Warcraft ya ci karo da abin da ya rubuta a baya.

Breath of the Wild da abin da ya biyo baya

Breath of the Wild, wanda ya fito ranar 3 ga Maris 2017, ya sake dagula lissafin, kuma da alama da gangan. A wani biki da aka nuna a cikinsa, Zelda ta ambaci sararin sama, da zamani, da almuru, kalmomin da ke nuni ga Skyward Sword da Ocarina of Time da Twilight Princess, abin da ya sa wasu suka kai shi reshen yarinta. Amma a cikinsa akwai ƙabilar Rito masu fukafukai da ƙananan halittun daji na Korok, waɗanda aka fara gani a The Wind Waker, inda aka nuna cewa Rito daga ƙabilar Zora ta cikin ruwa suka samo asali. A nan kuwa Rito da Zora suna zaune a ƙasa ɗaya a lokaci ɗaya. Wasan ya kuma yi maganar wani bala'i da ya auku shekara 10,000 kafin labarinsa, tazarar da ta isa ta mayar da duk wasannin baya tatsuniya. Aonuma da darakta Hidemaro Fujibayashi sun ce wasan yana can ƙarshen tarihi, amma sun ƙi faɗin reshen, suka bar wa masu wasa su yanke. Daga nan ra'ayin cewa rassan uku sun sake haɗewa ya samu magoya baya.

Tears of the Kingdom na Mayun 2023 ya kai maganar wani mataki, domin ya nuna kafuwar masarautar Hyrule a hannun wani sarki mai suna Rauru daga ƙabilar Zonai, da wani Ganondorf da ya yi masa mubaya'ar ƙarya, da yaƙin kulle shi da ke ɗauke da sunan yaƙin da aka ambata a 1991, duk da cewa bayanansa ba su yi kama da na wancan ba. Masoya sun kasu kashi uku a kansa: masu cewa wannan ita ce kafuwar farko, tsakanin Skyward Sword da The Minish Cap, masu cewa sake kafa masarautar ce bayan ta farko ta rushe an manta da ita, da masu cewa Breath of the Wild da Tears of the Kingdom sabon tarihi ne da ya ari tsofaffin sunaye kawai. Fujibayashi ya nuna a wata hira cewa ra'ayi na biyu abu ne mai yiwuwa, ba tare da ya tabbatar da shi ba. A jadawalin da Nintendo ta nuna a wani baje koli a birnin Sydney na Ostareliya a 2024, an ajiye Breath of the Wild da Tears of the Kingdom a gefe guda, ba a haɗa su da ko ɗaya daga cikin rassan uku ba.