Jiƙo ba ya wanke sikila daga jinin yaro

A Gombe har yau ana ce wa uwa, "Ki dage da jiƙo, zai wanke masa jinin." Abin yana damuna, domin sikila gado ce daga uwa da uba, kuma a cikin ɓargo ake yin ƙwayoyin jinin. Na mai lafiya suna kai kwana 120, na mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 sun mutu. Babu saiwar da ke canza wannan. Wani jiƙon ma hanta da ƙoda yake wahalarwa, ga shi ba a san awonsa ba.

Akwai kulawar gida mai amfani. Lokacin hunturu, idan ƙafa ta fara ciwo, a jiƙa tawul da ruwan ɗumi a ɗora, a matsa a hankali, a yawaita ba yaron ruwa, a yi masa addu'a da tatsuniya hankalinsa ya kwanta. Ban da ƙanƙara, tana ƙara ciwon.

Amma kada a ajiye folik asid, maganin da ke taimaka wa jiki yin jini, da sauran magungunan likita. Zazzaɓi kuwa, a tafi asibiti nan take, a kuma faɗa wa likita duk abin da yaron ya sha.