Waiwaye: Tarihin Matsalar Gidan Harsashi A Bindigar Remington 597

Idan ƙaramar bindiga mai cin harsashin .22, irin wadda ke ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, ta cije, abin da mai ita yake gani kusan iri ɗaya ne a kullum: sakatar da ke tura harsashi ta tsaya a tsakiyar hanya, harsashin ya karkace, kansa na dalma ya daki gefen mashigar bututun bindigar har ya lotsa. Mutane da yawa a Amurka, inda ake amfani da waɗannan bindigogi wajen farautar zomo da kurege da koyon harbi, sukan ɗora laifin a kan tsufan bindigar. Amma asalin matsalar ya girmi duk irin waɗannan bindigogi, domin yana cikin siffar harsashin kansa.

Kamfanin Smith & Wesson ne ya fito da gajeren harsashin .22 a shekarar 1857, sannan a 1887 kamfanin Stevens ya gabatar da dogonsa, wato .22 Long Rifle, wanda har yanzu shi ake ji da shi. A wannan harsashi sinadarin da ke tayar da albarushi yana cikin leɓen da ya kewaye gindin kwanso, allurar bindiga, wato ƙarfen da ke dukan harsashi ya tashi, kuma leɓen take duka, saboda haka dole leɓen ya fi jikin kwanson faɗi. Ga bindiga mai cin harsashi ɗaya wannan ba abin damuwa ba ne. Amma da zarar an jera harsasai goma wani a kan wani, sai jerin ya riƙa lanƙwasa, kuma idan leɓen na sama ya faɗa bayan leɓen na ƙasa da shi, sai su sarƙe, sakata ta turo amma harsashin ya ƙi fita. Ƙari a kan haka, kan harsashin yana ɗauke da kaki a waje, wanda ke haɗuwa da toka da ƙura ya zama danƙo, ga shi kuma ɗan ƙarfin da harbin ya bayar shi kaɗai ne ke mayar da sakata baya. Harsashin da dalmarsa ba ta kai giram uku ba, ba shi da rarar ƙarfin da zai ture datti.

Masu ƙera bindigogi na farko sun gane haka. Lokacin da kamfanin Winchester ya fitar da bindigarsa Model 1903, sai ya yi mata harsashinta na daban, don kada mutane su zuba mata harsashin baƙin albarushi da zai toshe ta, kuma sai a 1933 ne magajiyarta, Model 63, ta koma cin .22 Long Rifle. Harsasan kuwa a cikin wani siririn bututu da ke cikin ƙota ake jera su, kan wannan a gindin wancan, ta yadda leɓuna ba sa haɗuwa ko kaɗan. Wannan dabara ce John Browning ya bi a bindigarsa ta 1914, ita ce kuma kamfanin Marlin ya bi a Model 60 ta 1960, sai dai shi a ƙarƙashin hancin bindigar ya sa bututun. Illarsa ita ce jinkirin ɗuri da wahalar sauke harsasai, abin da ya sa kasuwa ta karkata zuwa gidan harsashi mai cirewa, wato akwatin da ake jera harsasai a ciki a maƙala wa bindiga. Kamfanin Ruger ya warware matsalar a 1964 da bindigarsa 10/22, wadda gidan harsashinta ke juyawa, kowane harsashi da gurbinsa, kuma a ganina wannan ɗan akwati ya fi komai taimakon sunan da bindigar ta yi.

A 1997 kamfanin Remington ya shigo da bindigarsa Model 597 don ya yi gogayya da Ruger. Ya zaɓi gidan harsashi mai cin goma, inda harsasan ke zama a goce, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama, domin akwatin ya yi gajere kada ya leƙo sosai a ƙasan bindigar. Na farkon da roba aka yi shi, kuma nan take ƙorafi ya fara: harsasai na maƙalewa a ciki idan an cika shi, abin da ke turo su sama yana tafiya da ƙyar, leɓunan akwatin kuma ba sa sakin harsashi a daidai kusurwar da ake so. Kamfanin ya koma na alminiyam, aka samu sauƙi amma ba a rabu da matsalar ba, sai ya sake fitar da zubi na uku, wanda masu bindigar ke ganewa da lamba 10 da aka zagaye da da'ira a jikinsa.

A nan ne zancen dacewa ya rikice, domin duka zubin uku suna shiga kowace 597 mai cin .22 Long Rifle su zauna daram, kuma a ido da wuya wanda bai sani ba ya bambance na biyu da na uku. Shiga daban, aiki daban. Mutum zai sayi tsohuwar bindiga da gidan harsashi biyu, ɗaya ya yi aiki lafiya, ɗaya ya cije sau uku kafin ya ƙare, sai ya ɗauka bindigar ce ke da aljanu. Akwai kuma wani abin da ke ƙara ɓad da sawu: sakatar 597 a kan wasu siraran sandunan ƙarfe biyu take zamewa, idan kuma aka matse ƙusoshin da ke riƙe da su fiye da kima bayan an wanke bindigar, sai sakatar ta yi nauyi, alamun su fito tamkar laifin gidan harsashi ne. Mutane da yawa sun yi ta sayen sabbin akwatuna alhali cutar tana wani wuri.

Doka ma ta sa hannu. An haifi 597 a lokacin da dokar tarayyar Amurka ta 1994 ta hana sayar wa farar hula sabon gidan harsashi mai cin fiye da goma. Da dokar ta ƙare a 2004, sai dogayen akwatuna masu cin talatin suka bazu, na kamfanin da na wasu masu kwaikwayo, kuma gwargwadon tsawon jeri gwargwadon yawan leɓunan da za su iya sarƙewa, ga nauyin akwatin da ke jan bakinsa ya goce daga inda sakata ke ɗaukar harsashi.

An daina ƙera 597, Remington kuma ya durƙushe a 2020, aka raba kadarorinsa: sashen harsashi ya koma hannun kamfanin Vista Outdoor, sunan Marlin ya koma hannun Ruger, ƙera bindigogi masu sunan Remington kuma ya faɗa hannun wasu masu zuba jari, waɗanda suka rufe tsohuwar masana'antar garin Ilion ta jihar New York a 2024. Mai 597 a yau yawanci a kasuwar kayan hannu yake neman gidan harsashi, inda zubin farko da na biyu da na uku da na kwaikwayo ke kwance a tire ɗaya, shi ya sa wanda ya san kan abin yake fara juya akwatin ya nemi da'irar nan mai lamba 10 kafin ya tambayi kuɗi.