Ma'anar konbatar bidiyo da matsalolin hoto da sauti da ake fama da su a kanta

Konbatar bidiyo ita ce 'yar na'urar da ake sakawa tsakanin tsohuwar na'urar kallo, kamar bidiyon kaset ko kyamarar da ke ɗauka a kan kaset, da sabuwar na'ura irin kwamfuta ko talabijin mai kafar HDMI. Aikinta shi ne ta karɓi hoto da sauti a siffar analog ta mayar da su dijital. A analog, hoto yana bin waya ne a matsayin wutar lantarki mai hawa da sauka babu yankewa, wadda tsakanin ƙasanta da samanta bai wuce kusan bolt 1 ba, kuma ƙarfin wutar a kowane lokaci shi ke nuna haske ko duhun wurin da ake zanawa a fuskar talabijin. A dijital kuwa babu komai sai lambobi. Don haka konbata ma'auni ce kawai: tana auna wutar da ke shigo mata, ta rubuta abin da ta samu. Bisa mizanin BT.601 da aka amince da shi a 1982, ana auna hasken hoto sau miliyan 13.5 a daƙiƙa guda, abin da ke ba da ɗigo 720 a kowane layi.

Na'urori iri biyu ne ake kira da wannan suna. Akwai ƙaramin akwati mai karɓar wayoyi uku, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti, ya fitar da HDMI domin kallo, akwai kuma wadda ake soka wa kwamfuta ta kafar USB domin a naɗi bidiyon a ajiye shi. Dukkansu hanya ɗaya suke bi, ba sa komawa baya, kuma da yawa daga cikin masu kukan cewa konbatarsu ta zo a mace sun sayi mai juya HDMI zuwa analog ne, alhali kishiyarta suke bukata, domin akwatunan biyu kamar an tsaga kara suke. Haka nan kafar HDMI da ke jikin yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka ta fitar da hoto ce, ba ta karɓa.

Abin da ya fi muhimmanci mai amfani da konbata ya gane shi ne, tsohuwar talabijin mai ƙwai tana da haƙuri, ita kuwa konbata ba ta da shi. Kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC ya fito da shi a 1976, zare ne da injin ke ja a jikin wani ganga mai juyawa, kuma duk abin da injin ke ja ba ya rasa ɗan saurin wuce kima ko ɗan jinkiri. Layukan hoton da ke fitowa daga kaset ba su cika zuwa daidai kan lokacinsu ba. Talabijin ta da tana bin su yadda suka zo, mai kallo bai ma san an yi ba, amma konbata tana jiran kowane layi a lokacin da lissafi ya ce zai iso, in ya saɓa sai ta rikice. Daga nan ne ake samun hoton da ke rawa, ko samansa ya lanƙwashe gefe guda kamar tuta a iska, ko fuskar ta koma shuɗiya na ɗan lokaci sannan hoton ya dawo. Maganin wannan na gaskiya shi ne na'urar daidaita lokacin layuka, wadda aka fi sani da TBC, wadda ke tattara layukan ta sake fitar da su a tsare. Wasu manyan bidiyoyin S-VHS suna da ita a ciki, kuma wasu na'urorin naɗar DVD suna yin kusan aikinta idan aka bi da hoton ta cikinsu kafin ya kai ga konbata. Sauya konbata da wata irinta mai araha ba kasafai yake kawar da wannan matsala ba.

Saboda haka gwajin farko, kafin a taɓa komai a kwamfuta, shi ne a jona bidiyon kai tsaye da talabijin mai kafar rawaya. Idan dusar nan mai kama da yayyafi ko fararen layukan da ke gilmawa sun bayyana a can ma, to laifin na kaset ne, ko na dattin da ya taru a kan da ke karanta shi, ko na saitin bin layi da ake gyarawa da maɓallin tirakin. Idan kuwa hoton ya fito tas, sai a koma kan konbata da saitinta.

Hoto baƙi da fari, ko mai launi a hargitse, kusan kullum saɓanin tsari ne, domin tsarin talabijin na analog iri-iri ne: PAL, NTSC da SECAM. PAL yana da layuka 625 da hotuna 25 a daƙiƙa, NTSC da aka yi amfani da shi a Amurka da Japan yana da layuka 525 da hotuna kusan 29.97, Faransa da Rasha kuma sun yi amfani da SECAM. Launi a PAL yana kan zangon megahaz 4.43, a NTSC kuwa 3.58, don haka konbatar da aka saita kan ɗaya ba za ta ga launin ɗayan ba, haske kaɗai za ta kama. Akwai wani tarko a nan: bidiyon PAL mai iya kunna kaset ɗin NTSC yakan fitar da wani gauraye da ake kira PAL-60, wanda talabijin ke nunawa lafiya amma konbatoci da yawa ba su san shi ba. Wani dalilin rasa launi shi ne a zaɓi kafar S-Video (zagayayyar kafar hoto mai raba haske da launi) a manhaja alhali wayar rawaya aka jona, ko ɗaya daga cikin alluran S-Video huɗu ta lanƙwashe. Mai amfani da mahaɗin SCART (faffaɗar kafa mai allurai da yawa) kuma ya duba ɗan maɓallin shiga da fita da ke jikinsa.

Wasu abubuwan da ake ɗauka lahani ne, ba lahani ba ne. Siririn layin da ke yamutse a can ƙasan hoto yana nan a kowane kaset, wurin da ɗaya daga cikin kawunan da ke karanta kaset ke miƙa aiki ga ɗayan ne, bakin tsohuwar talabijin ne ke rufe shi, kuma ana iya lulluɓe shi da baƙin gefe bayan an gama naɗa. Haƙoran matsefi da ke fitowa a gefen hannun mai ɗaga hannu ko motar da ke wucewa sun samo asali ne daga yadda analog ke zana kowane hoto kashi biyu, layukan mara sannan na cika, kuma manhaja na iya haɗe su. Fuskokin da suka yi faɗi kuwa hoton 4:3 na tsohuwar talabijin ne aka miƙe shi ya cika faffaɗar fuska ta 16:9. Amma idan haske yana ƙaruwa yana raguwa da kansa a kaset ɗin fim na kanti, kariyar hana kwafi ce ta Macrovision, wadda aka sa da gangan don ta ruɗa na'urorin naɗa.

A ɓangaren sauti, shirun da ake samu a kwamfuta yawanci daga manhaja yake, domin konbatar USB tana bayyana ne a matsayin na'urori biyu, ta hoto da ta sauti, kuma sau da yawa manhajar tana can tana sauraron makirufon kwamfutar. Sauti a kunne ɗaya alama ce ta bidiyo mai kafar sauti guda, sai a raba wayar gida biyu ko a saita naɗar kan mono. Gurnani mai kauri mara yankewa, wanda wani lokaci yake zuwa tare da faffaɗan inuwa mai hawa a hankali a kan hoto, na wutar gida ne mai bugun 50 ko 60 a daƙiƙa. A jona dukkan na'urorin a soket ɗaya, ko a cire cajar kwamfutar a ga ko zai ɗauke. Ƙarar "zzz" mai zuwa tana tafiya kuwa sau da yawa daga sautin Hi-Fi na kaset take, idan kan bai bin layinsa sosai, kuma komawa kan sautin mono da ke gefen zaren yana kashe ta, ko da yake ingancin zai ragu.

Wadda ta fi cin rai ita ce rabuwar baki da murya. A farkon naɗa komai daidai, bayan awa guda sai a ga mai jawabi ya rufe baki ya juya, muryarsa na nan tana ƙarasa magana. Dalilin shi ne hoto da sauti agogo daban-daban suke bi, kuma duk hoton da konbata ta kasa karantawa ta yar, sautin da ke tare da shi bai zube ba. A PAL, zubar hoto ɗaya kacal a kowane minti yana tara hotuna 60 a awa, wato daƙiƙa 2.4. Idan tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, gyaranta abu ne mai sauƙi, a matsar da sautin baki ɗaya. Idan tana ƙaruwa ne a hankali, sai a duba ko an saita adadin hotuna daidai da tsarin kaset ɗin, a tsayar da awon sauti kan 48,000 a daƙiƙa a manhaja da kwamfuta duka, a soka konbatar kai tsaye ba ta mahaɗin USB mai kafofi da yawa ba, sannan a rufe sauran manhajoji, domin hoton PAL da ba a matse ba yana cin kusan megabait 20 a daƙiƙa, kuma faifan da ya gaza rubuta su a kan kari shi ma zubar da hotuna yake yi. Wuraren da aka tsayar da ɗauka aka ci gaba a kan kaset su ne inda zubar ta fi yawa, shi ya sa naɗa kowane ɓangare daban ya fi naɗar kaset ɗin awa uku a zama ɗaya.