Ba kowane ciwon ciki ne olsa ba, a daina haɗin kemis a zo a gwada

Jama'a, wannan magana ta "ai olsa ce ke damuna" ta yi yawa. Kusan duk wanda ya zo asibiti yana dafe da saman cibiya ya riga ya yanke wa kansa hukunci tun daga gida. Ka tambaye shi wa ya gwada shi, ya ce babu, shi dai ya san jikinsa. Ka ce to me kake sha, sai ya zaro baƙar leda: farin maganin ƙwannafi na kwalba, kafso ja da yalo, Flagyl guda uku da suka rage tun na matarsa, diclofenac, da gorar jiƙo da ba suna ba kwanan wata. Wani shekara biyu yake a haka, wani biyar. Ba ya zuwa wurinmu sai ranar da bayan gidansa ya koma baƙi, ko ido ya yi ɗorawa, ko ciki ya kumbura riga ta ƙi shiga.

Wallahi abin yana ci mana rai, domin wasu daga cikin waɗannan mutane da sun zo da wuri, maganin sati biyu ya ishe su.

Mafi yawan gyambon ciki na gaskiya abu biyu ke kawo shi. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda za ku ga an rubuta H. pylori a takardar gwaji. Likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka tabbatar da ita a farkon shekarun 1980, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, kuma galibi tun suna yara suka kwasa, ta ruwan sha marar tsabta, hannun da ba a wanke ba bayan an fito daga ban ɗaki, ko yawu. Tana lafewa cikin yauƙin da ke rufe bangon tumbi. Garkuwar jiki na ganinta, tana kai mata hari shekara da shekaru, amma ba ta iya fitar da ita. Wannan faɗan da ba ya ƙarewa shi ke sa bangon tumbi ya kumbura, ya yi laushi, ruwan tsamin ciki ya samu wurin ci. A yawancin mutane ba ta yin komai da za su ji. A wasu ta zama gyambo. A kaɗan daga ciki, bayan shekaru masu yawa, ta kai ga sankarar tumbi, shi ya sa tun 1994 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara.

Abu na biyu kuwa yana cikin ledar nan taku. Diclofenac, ibuprofen, aspirin, piroxicam da ake kira Feldene, duk magungunan ciwon jiki ne masu cin bangon tumbi. Mai dako, ɗan acaɓa, manomi, uwar gida mai ciwon baya, kowa da yamma sai ya tsaya wajen mai tire ya ce a haɗa masa na gajiya. A cikin haɗin nan sau da yawa akwai biyu daga cikin waɗannan a ƙulli guda, wani lokaci har da prednisolone a kai. A sha ba a ci komai ba. Ciki ya fara zafi, a koma wurin mutumin nan dai a ce a haɗa na olsa, shi kuma ya sake jefa diclofenac a ciki saboda an ce masa ciwo ake ji. Gudun gara an faɗa gidan zago. Don Allah, Malam, wanda ke yawo da magani a rana tsaka a kan tire, ina ya ga cikinka da zai san abin da ke ciki?

Yaji, yunwa, azumi da damuwa suna iya tayar da zafin ga mai gyambo, amma ba su ne tushensa ba. Madara da kanwa kuma kwantar da zafin kawai suke yi na ɗan lokaci. Ƙwayar tana nan daram.

Gwajin ba wuya. Wanda aka fi samu shi ne na bayan gida, akwai na numfashi a manyan asibitoci, akwai kuma na zura kyamara ta baki a leƙa tumbi a ɗebo ɗan nama, wanda likita ke nema idan mutum ya manyanta ko akwai alamar haɗari. Gwajin jini na H. pylori da ake yawan yi a ƙananan ɗakunan gwaji yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai. Yana iya ci gaba da nuna "akwai" ko bayan an warke, saboda haka ba a tabbatar da warkewa da shi. Ga kuma inda haɗin kemis ke sake ɓata mana aiki: wanda ya sha omeprazole, maganin rage tsamin ciki, cikin sati biyu kafin gwajin bayan gida ko na numfashi, ko ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin sati huɗu, gwajinsa na iya fitowa babu alhali akwai. Ku faɗa mana gaskiyar abin da kuka sha. Ba za mu dake ku ba. Ranar gwajin kawai za mu ɗaga.

Idan an samu ƙwayar, magani ɗaya ba ya kashe ta. Abin da likita ya fi rubutawa shi ne uku a tare har kwana 14: mai rage tsamin ciki irin omeprazole, da amoxicillin, da clarithromycin, safe da yamma. Wani lokaci huɗu ne, da bismuth da tetracycline da metronidazole a ciki. Likita ne zai zaɓa, domin wanda jikinsa ba ya karɓar penicillin ba a ba shi amoxicillin, mai juna biyu da ƙananan yara ba a ba su tetracycline. Na ambaci sunayen ne don ku gane abin da aka rubuta muku. Ban ambata don ku je ku saya da kanku ba.

Kwana 14 nake cewa. Sha huɗu. Ba uku ba, ba "har na ji sauƙi" ba. Zafin yakan kwanta tun kwana na uku ko na huɗu saboda omeprazole ya rage tsami, sai mutum ya ɗauka ya warke, ya ajiye sauran a kan taga don wata rana, ko ya miƙa wa maƙwabciya da ita ma "olsa" ke damunta. Ƙwayoyin da suka rage a tumbi su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa, kuma idan ciwon ya dawo maganin farko ba lallai ya sake kama su ba. Haka aka yi da Flagyl, wato metronidazole. An mayar da shi maganin kowace gudawa, ana sha guda biyu a bari, har ta kai a ƙasashenmu na Afirka H. pylori da yawa ba ta jin sa. Mu muka yi wa kanmu wannan.

Maganin yana da ɗan wahala, ba mu ɓoye muku ba. Baki na ɗaci kamar an tsotsi ƙarfe, ciki na iya ɗan sakewa, bismuth na baƙanta harshe da bayan gida. A daure. Idan ƙuraje suka feso, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko gudawa ta yi tsanani, a tsaya a dawo asibiti a ranar. Mai shan giya ya nisance ta muddin yana kan metronidazole. Bayan an gama da aƙalla sati huɗu a dawo a sake gwajin bayan gida. Wannan dawowar ce kusan kowa ke tsallakewa.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mana da hankali. Hanta tana sama ta hannun dama, ƙarƙashin haƙarƙari, maƙwabciyar tumbi ce. Ciwon hanta kan zo da rashin cin abinci, tashin zuciya, kasala, nauyi a saman ciki. Duk alamun da mutum zai kira olsa ya wuce kemis. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma yawancinsu ba su sani ba. A wannan ciwon ma garkuwar jiki ce ke yin ɓarnar, tana kashe sassan hantar da ƙwayar ta shiga, wurin ya warke da tabo, a sake, ya sake tabo, har hanta ta ƙandare. Babba idan ya kamu, galibi jikinsa kan kore ta cikin wata shida. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa kuwa, kusan 9 cikin 10 za su rayu da ita, ba alama, sai sun kai shekara talatin ko arba'in ta bayyana.

To ku duba abin da haɗin kemis ke yi wa irin wannan mutum. Duk abin da aka haɗiya, jinin hanji hanta yake fara kai shi. Paracetamol ga babba mai lafiya iyakarsa giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas ta miligiram 500, a rarrabe. Mai ciwon hanta likita kan rage masa zuwa rabin haka. Amma maganin mura da yawa da haɗin gajiya akwai paracetamol a ciki, mutum ya sha nan ya sha can, ya wuce iyaka bai sani ba. Idan hanta ta ƙandare, jini ba ya wucewa ta cikinta da sauƙi, sai jijiyoyin da ke ƙasan hanyar abinci su kumbura. Diclofenac ga mai wannan hali na iya jawo aman jini, ya kuma taɓa ƙoda. Sannan hantar da ta gaji ba ta iya tace ƙwayoyin cuta da dafin da ke tasowa daga hanji. Ƙwayoyin su shiga ruwan da ya taru a ciki su kawo zazzaɓi da ciwo, dafin ya hau kai. Za ku ga dattijo ya koma barci da rana, ido biyu da dare, yana magana ba kan gado, hannu na karkarwa. Sai a ce iska ce, a nufi wani wuri da shi. Hajiya, wannan mijin naki asibiti yake buƙata a daren nan.

Jiƙo da sassaƙen shawara, ina roƙonku da girman Allah. Ido ya yi ɗorawa alama ce hanta na cikin wahala. Ba lokacin ɗura mata gora uku ta abin da ba wanda ya san nauyinsa ba ne. Mun san iyaye da kakanni sun sha, ba raina su muke yi ba. Amma shawarar da ta tafi da kanta za a ce jiƙo ne ya yi aiki, wadda ta kashe kuma a ce kwana ne ya ƙare, ba mai komawa ya tambayi mai gorar. Nau'in B yana da maganin da ke danne shi, irin tenofovir, ƙwaya ɗaya a yini ga wanda gwaji ya nuna yana buƙata, kuma shi ma ba a yanke shi da ka, domin tsayar da shi kwatsam na iya tayar da ciwon fiye da da. Nau'in C ana warkewa daga shi da maganin wata uku.

Waɗannan ba sa jiran gobe, ba sa jiran a ga yadda za a kwana: aman jini ko amai mai kama da garin kofi, bayan gida baƙi mai danƙo da wari ga wanda ba ya shan bismuth ko maganin ƙarin jini, ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya ciki ya yi tauri, rama ba dalili, abinci na tsayawa a ƙirji, ido ɗorawa, fitsari kamar shayi, kumburin ciki ko ƙafa, ruɗewa.

Saura a taƙaice:

- Ciwon saman ciki da ya wuce sati biyu, a zo a gwada H. pylori, a nemi gwajin HBsAg, wato na ciwon hanta nau'in B, a lokaci guda.
- A zo da duk ledar magungunan, har da gorar.
- Wanda aka samu da nau'in B, a gwada mata da miji da 'ya'ya, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, allura uku.
- Mai ciki ta gwada wajen awo. Jariri a yi masa allurar hanta cikin awa 24 da haihuwa, ko a gida aka haihu, ba sai bayan suna ba. Sauran a sati 6, 10 da 14.
- Wanzami ya sa sabuwar reza ga kowane kai. Aski, ƙaho, kaciya, yankan farce, duk ɗaya.
- A wanke hannu da sabulu bayan ban ɗaki da kafin a sa hannu a kwano. A tafasa ruwan da ba a yarda da shi ba. A daina tauna abinci ana ɗura wa yaro.
- Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, kada a niƙa a ce wuta za ta gyara. Dafinsu hanta yake ci, kuma girki ba ya kashe shi.

Kuɗin gwaji da na maganin kwana 14 yana da nauyi a wannan lokaci, mun sani. Wanda ba zai iya sayen duka a tashi ɗaya ba ya faɗa wa likita ko mai ba da magani tun kafin ya fara. Gara a jinkirta kwana kaɗan a haɗa kuɗin ya cika, a fara a gama, da a sayi na kwana biyar a tsaya a hanya.