Masanin ta'addanci ba ɗan leƙen asiri ba ne

A majalisun Hausawan Agege da Idi-Araba a Legas an daɗe ana ɗauka cewa malamin jami'ar da ya ƙware kan ta'addanci da shari'ar laifuka jami'in tsaro ne da ya fake da koyarwa. Wannan kuskure ne, domin ba shi da ikon kama kowa. Ko a Jami'ar Legas da ke Akoka yake koyarwa ko a Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, aikinsa bincike ne: yana nazarin dokar hana ta'addanci ta 2011 da wadda ta maye gurbinta a 2022, yana kuma bin shari'un waɗanda ake zargi da shiga Boko Haram, da aka fara a Kainji ta Jihar Neja a 2017, don ya gano ko an tsare su fiye da ƙima kafin a gurfanar da su.